Kayan Mutane a Shagon Baba

Litinin, 12 ga Mayu, 2025

Bayan sallar azahar muka kai Baba makwancinsa. Daren jiya, da ya dawo daga isha'i, ya ce wa Inna ƙirjinsa ya yi masa nauyi. Ya kishingiɗa a tabarma a tsakar gida saboda zafin ɗaki, kafin ƙanena ya samo Keke Napep rai ya yi halinsa. Na baro Kano da asuba, ta Wudil da Jama'are da Azare, ina isa Potiskum rana ta take. Wasu sun so a yi jana'iza tun da hantsi, Baffa ya ce a jira ɗan fari.

Ni da Baffa da Liman muka yi masa wanka. A hannuwansa na fi daɗewa. Tafin duk kanta, farcen babban yatsan hagu a tsage tun wata guduma da ta kuɓuce masa muna yara, ƙarƙashin sauran faratan kuma baƙin mai ne da sabulu ya kasa fitarwa. Ina ta murzawa, Baffa ya riƙe hannuna ya ce, "Bar shi haka nan. Wannan ba dauɗa ba ce."

Makarar da aka ɗauke shi a kai ta masallacin unguwarmu ce, kuma aikinsa ce. Ranar 10 ga Nuwamba, 2014, da bam ya tashi a tsakiyar ɗalibai suna taron safe a makarantar sakandaren kimiyya ta gwamnati, yara kusan 50 suka rasu. Baba ya je asibiti ya ga abin da ya gani, ya dawo bai yi wa kowa magana ba. Ya shiga ɗakin Inna ya kwance gadonta na ƙarfe, ya ɗora a kura ya tura wajen wani mai walda. Kafin la'asar unguwa ta samu ƙarin makara. Har yau in mutum ya lura zai ga zanen furanni a ƙarfen wajen kai.

Da aka gama rufewa, Liman ya yi sanarwar da aka saba: duk mai bin marigayi bashi ya nemi iyalinsa. Aka yi tsit. Can sai wani tsoho daga baya, wanda kunnensa ya yi nauyi har bai san muryarsa ta yi sama ba, ya ce, "Ni ba na binsa ko kwabo, amma fankata tana shagonsa." Mutane suka sunkuyar da kai suna danne dariya a bakin kabari. A hanyar dawowa na fara tunanin yawan masu irin wannan magana da suka yi kawaici.

Talata, 13 ga Mayu

An kafa rumfa a ƙofar gida, ta haɗe da inuwar darbejiya. Tun da safe ake zuwa. "Ya haƙuri?" "Da godiya." A shafa fatiha, a ɗan zauna, a tashi a ba wasu wuri. Sai dai da wuya mutum ya tashi bai ambaci wani abu da Baba ya gyara masa ba. Wannan ya ce keken ɗinkin matarsa, wancan ya ce kwanon ɗakinsa da iska ta yaye, wani ya ce kwaɗon shagonsa da mukulli ya karye a ciki ranar jajibirin salla.

Da mutane suka ragu, Baffa ya shiga ba da tarihi, rabi don ni, rabi don kansa. Kakanmu mutumin ƙasar Katagum ne, fatauci ya kawo shi a shekarun da garin ke cika bayan an dawo da fadar Mai Fika nan Potiskum a 1924. A nan aka haifi Baba, ya tashi cikin Bolawa da Ngizimawa da Karai-Karai, yana jin harshen kowa daidai na gaisuwa da ciniki. Bai yi boko ba. Da ya yi sauka aka kai shi wajen wani mai gyaran keke, daga faci ya fara. Daga baya ya shiga ma'aikatar ayyuka a lebura, ya koyi sassaƙa a wajen kafintoci, famfo a wajen masu famfo, wuta a wajen masu wuta, duk da ido. Yakan ce ya yi wa jihohi uku aiki bai taɓa sauya unguwa ba: Jihar Arewa maso Gabas da aka kafa a 1967, Borno a 1976, sannan Yobe a 1991.

Da kuɗin Udoji ya fito a 1975, cikin abokan aikinsa wani ya sayi rediyo, wani babur, wani ya ƙara aure. Baba ya hau mota zuwa Kano ya sayo akwatin kayan aiki a Sabon Gari. An yi masa dariya a lokacin, in ji Baffa, amma shekara ba ta zagayo ba rediyoyin Udoji suka fara layi a zaurenmu.

Da magariba waya ta shigo daga Nnewi. Wani Ibo ne da ya daɗe yana sayar da kayan gyaran injuna a nan, ya tafi a 2012 da gari ya rikice, ya bar wa Baba mukullin shagonsa. Har yanzu Hausarsa garau. Ya ce da ya dawo kwashe kaya ko noti bai ɓata ba, ya ma tarar an canza masa kwanon da ya fara yoyo. Yana ta kuka, ni ke ba shi haƙuri.

Da dare aka ɗauke wuta, ƙaramin janaretan gida ya ƙi tashi. Ƙanena ya ja igiya har ya gaji. Mu duka muka juya muka kalli ƙofar shago. A duhu muka kwana.

Laraba, 14 ga Mayu

Yau kwana uku. Tun jiya ake ƙananan maganganu: 'ya'yan Gwaggo suna ganin sadakar uku ba ta da asali, Baffa kuma ya ce yadda aka yi wa iyayensu haka za a yi wa ɗan'uwansa. Aka yi addu'a da safe, aka raba wa almajirai gumba da waina, wanda bai gamsu ba ya zo bayan an shafa. Ba a yi rigima ba. Wani ya tuna mana cewa lasifikar masallacin 'yan Izala da ta zawiyar 'yan Tijjaniyya duk hannu ɗaya ke gyara su, kuma mai hannun bai taɓa tambayar wa'azin da za a yi da su ba.

Laraba ce, ranar kasuwar shanu. Babbar Salla saura ƙasa da wata, tun daren jiya tireloli ke gurnani a titi. Ana kawo dabbobi daga ƙauyukan Yobe da Borno, har daga Nijar da Chadi, a loda su zuwa Legas da Anacha da Fatakwal. Mutanen kasuwa ba su samu zuwa ba sai bayan la'asar. Suka zo a tawaga, ƙura har gira: dillalai, 'yan koren shanu, direbobi da masu ɗaura katako a cikin tirela.

Baba ba ya fashin Laraba. Yakan rataya jakarsa ya zauna a rumfar wani mai shayi, Fulani su yi ta kawo masa tocila da rediyo, da zamani ya sauya kuma har da cajar sola. Wani dattijon dillali ya tuno daren 2 ga Mayu, 2012, wata Laraba irin ta yau, da 'yan bindiga suka auka wa kasuwar, suka kashe mutane da dama, suka cinna mata wuta, dabbobi suka ƙone. Ya ce da aka fara komawa, Baba ne ya bi rumfa-rumfa da guduma yana miƙe kwanon da wuta ta nannaɗe. In an ce ga na goro, sai ya ce wanda aka ƙone wa dukiya ba a karɓar kuɗinsa.

Na tuna shekarun nan. An hana hawa babur, ga dokar hana fita, sannan a watan Mayu na 2013, da Shugaba Goodluck Jonathan ya kafa dokar ta-ɓaci a Borno da Yobe da Adamawa, aka katse layukan waya. Kekunan da aka jingine a bayan ɗaki suka fito, tsofaffin rediyoyi suka fito, don sau da yawa sai ta BBC ko Muryar Amurka ko Jamus mutum zai ji abin da ya faru a unguwar da ke kusa da tasa. Ina Kano, ba na jin ɗuriyar gida sai wani direba ya kawo saƙo. A lokacin ne aiki ya fi yi wa Baba yawa, a lokacin ne kuma, in ji ƙanena, aka fi cin tuwo ba nama a gidanmu.

Alhamis, 15 ga Mayu

Mun buɗe shagon. Shago dai suna ne, ɗakin zaure ne da aka fasa wa ƙofa ta waje. Na kira Liman da Baffa su zama shaida, sai kuma Yaron Baba. Haka unguwa ke kiransa, ko da yake yanzu ga gemu ga mata ga 'ya. Almajiri ne da ya zo bara ƙofar gidanmu yana ɗan ƙarami, ya tsaya kallon Baba na narkar da dalma har ya manta da kwanonsa. Da izinin malaminsa ya riƙa zuwa bayan karatun safe, daga nan bai sake barin wurin ba.

Warin kananzir da tsohon ƙarfe ne ya fara tarbar mu. A bango an kakkafa ƙusoshi, kowace da abin da aka rataya mata: sufana iri-iri daga ƙarama zuwa babba, filaya, zarto, magagari, awartaki. An zana siffar kowanne da alli a jikin bangon, yadda in an ara ba a dawo da shi ba gurbinsa zai tona asiri. Gurbi huɗu babu komai. A kan benci gwangwanayen madara ne cike da noti da ƙusa, har da lanƙwasassu da yake miƙewa in ba aiki. Tabaransa na nan kan wata fanka da ya buɗe, ƙafarsa ɗaya ɗaure da wayar wuta.

Sauran ɗakin kuwa kayan mutane ne har rufi: fankoki, dutsen guga, risho, kan keken ɗinki, agogon bango, rediyoyi. Kowanne an ɗaura masa guntun kwali da zare, an yi rubutu da ajami. Ba kasafai yake sa suna ba. "Matar mai itace, ta biya kuɗin waya." "Malamin firamare, kada a karɓa." "Tsohon soja, a ce masa ba ta gyaruwa, amma a hankali." Liman na karantawa yana dariya yana share ƙwalla.

Ya zaunar da mu ya ce kada a yi maganar gado tukuna. Daga dukiyar mamaci ana fara fitar da kuɗin likkafani da binnewa, sai bashi, sai wasiyya, sannan magada. Waɗannan kaya kuwa ba su ma shiga lissafi ba, amana ce, tana wuyan Baba har sai kowa ya karɓi nasa. "Ku sauke masa," in ji shi, "kafin ku raba ko cokali."

A saman kanta, cikin leda, akwai wata rediyo ƙirar National mai rigar fata, irin wadda Fulani ke ratayawa. An gyara ta, an goge ta. Kwalinta ya ce: "Bafillace mai jan rawani, Laraba, zai dawo da yamma." Yaron Baba ya ce safiyar ranar da aka kai wa kasuwa hari aka ba da ita. Duk shekara Baba kan sauko da ita ya sa batir, ya ji tana yi, ya cire ya mayar.

Juma'a, 16 ga Mayu

Bayan an idar da salla aka yi sanarwa a masallatai: mai kaya a shagon marigayi ya zo ya faɗi kamanninsu. Kafin la'asar layi ya kai bakin titi. Yaron Baba na miƙowa, ƙanena na duba kwali, ni ina sokewa a takarda.

Wasu da kunya suke zuwa, sai sun maimaita ta'aziyya kafin su ambaci dutsen guga. Mutum biyu suka yi jayayya a kan risho ɗaya, kwali ya raba gardama. Wani mai injin niƙa ba karɓa ya zo yi ba, sufanar da ya ara tun kafin azumi ya dawo da ita, ya ce tun ranar Litinin bai yi barcin kirki ba.

Tsohon nan mai fanka ya zo. Ashe tasa ce Baba ya bari a buɗe. Aka yi sa'a akwai wuta. Yaron ya juya fiffiken da yatsa ya ji ba ya cijewa, ya sunsuni kwayil ya ji bai ƙone ba, ya ce to kafasita ce. Ya ciro wata daga gwangwani ya ɗaura, fanka ta ɗauka. Tsoho ya laluba aljihu, yaron ya girgiza kai. "Aikin Baba ne, ni ƙarasawa na yi."

Asabar, 17 ga Mayu

Sai yau na samu zama da Inna. Mata sun ragu, tana ɗakinta cikin takaba, ba kwalli ba turare, carbi a hannu. Ni ɗan fari ne, ba ta kama sunana, ba ta kuma saba doguwar hira da ni ba. Bango take kallo tana magana.

Na ba ta labarin abin da mutane ke faɗa a waje. Ta saurara har na gama, ta ce, "Duk gaskiya suka faɗa. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo."

Ta ce ƙa'idar babanku ita ce kayan gyara na kasuwa ne, mai abu ya saya, hannu kuwa na Allah ne. Da a nan ya tsaya da sauƙi. Sai mace ta aiko da keken ɗinki a ce marayu take riƙo, ya shiga kasuwa ya sayo abin da ya lalace da kuɗin cefane. Albashi ba ya ganin tsakiyar wata. Da aka shiga matsin zamanin Babangida a 1986, kuɗin lebura ya daina riƙe gida, ita ta kama sana'ar gyaɗa: ta soya, ta kai niƙa, ta matse mai, ta toya ƙuli-ƙuli. Da kuɗin man gyaɗa da adashi aka biya mini kuɗin jarrabawa, da su aka yi wa ƙannena mata kayan ɗaki. Ta juya mini bayan hannunta, duk tabon mai. "Kyautar da ya yi wa gari, rabinta daga kaskona ta fito. Ba mai zuwa ya yi mini wannan shaidar, shi ya sa nake faɗa."

Ta taɓa yin yaji, ta tafi gidansu a Nangere. Baba ya bi ta biko. Yana shiga ya ga ƙyauren ɗakin surukinsa ya ɓalle, ya nemi guduma. Daga ƙyaure ya koma bakin rijiya, daga nan keken ƙaninta. Har rana ta faɗi bai faɗi abin da ya kawo shi ba, ya yi sallama ya tafi. Mahaifinta ya kira ta ya ce, "Tashi ki bi mijinki. Wannan ba mugunta ke damunsa ba." Nan ta yi dariya, karon farko tun rasuwar, dariyar ta juye kuka.

Na tambaye ta zancen gadon ƙarfe. Ta ce na aurenta ne, awaki mahaifiyarta ta sayar ta saya mata. Da ya zo kwancewa bai nemi izini ba, ita kuma ba ta hana ba, don ta ji kukan da gari ke yi a ranar. Ya yi alkawarin zai sayo wani. Katifarta a ƙasa take har yau. "Ban taɓa ce masa na yafe ba, don ina so ya riƙa tunawa. Ranar Litinin da aka zo fita da shi na ga a kan abin da aka ɗora shi, na ce na yafe."

Lahadi, 18 ga Mayu

Kwana bakwai. An yi addu'a, an kwance rumfa, baƙin nesa sun kama hanya.

Da hantsi yara suka zo da labarin tuƙa-tuƙan bakin masallaci ya daina kawo ruwa, ana tuƙawa hannun na tafiya sakayau. A wannan zafi, duk gidan da ba shi da kuɗin 'yan garuwa da famfon nan ya dogara. Mai unguwa ya aiko a tambaya ko Yaron Baba zai iya.

Na bi su. Ya kwance murfin kai, ya cire sarƙar da ke haɗa hannu da sandar ƙarfe, sannan ya ce a samo majiya ƙarfi. Bututun gaɓa-gaɓa ne, kowace gaɓa mita 3, ga ruwa a ciki ga nauyi. A ɗaga, a matse shi da ƙarfe a bakin rami, a kwance gaɓa ɗaya da sandar cikinta, a jingine, a sake ɗagawa. In ya kuɓuce ya faɗa rami, aiki ya koma ɗanye. Yaron na ba da umarni da kalmomin Baba, har da "a hankali, ba tsere ake ba". Da silinda ta fito daga ƙarshe ya buɗe ta, ya nuna mana wata 'yar roba da ba ta fi bakin kofin shayi ba, ta cinye ta gefe. Ita ce ke riƙe ruwa in an tuƙa.

Mai unguwa ya ce to a sa sabuwa mana. Yaron ya ce sai an sayo. Aka tsaya kallon-kallo. Shekara da shekaru ana shan ruwan nan, ba wanda ya taɓa tambayar inda roba ke fitowa, ko girisin sarƙa, ko kuɗin shayin masu ɗaga bututu. Mai unguwa ya cire hularsa ya zagaya da ita, aka haɗa aka aika kasuwa. Ruwa bai zo ba sai bayan la'asar. Kafin a watse aka yanke cewa kowane gida zai riƙa ba da wani abu duk wata, ladan ya riƙe.

Litinin, 19 ga Mayu

Da yammaci hadari ya haɗo daga gabas, iska ta taso da jar ƙura, ruwan bai fi yayyafi ba. Kwano ya tashi a wasu gidaje a layinmu. Namu bai motsa ba. Ƙanena ya ce tun watan jiya Baba ya hau tsani ya bi kowace ƙusa, da tsufansa, Inna na yi masa faɗa daga ƙasa.

Talata, 20 ga Mayu

An yi rabon gado a zaure. Ba wani abu mai yawa ba ne: gidan nan, 'yar gona a hanyar Fika, tumaki, keke da kayan aiki. Liman ya fitar wa Inna tumuninta, kashi ɗaya cikin takwas, saura aka raba mana, namiji rabon mata biyu. Mun amince ba za a sayar da gida ba muddin Inna na raye.

Kayan aikin ne suka ja magana. Wani kafinta da wani bakanike suka yi musu kuɗi, sun fi abin da muka zata, don irin ƙarfen da ba a cika samu yanzu ba ne. Baffa ya ce ya sha jin Baba na cewa na yaron ne. Liman ya ce wasiyya ga wanda ba magaji ba ta halatta in ba ta wuce sulusi ba, amma ba rubutu, shaida kuma mutum ɗaya ne, don haka magana na hannunmu. Mijin wata ƙanwata ya fara lissafin abin da za a samu in an sayar, matarsa ta aiko daga ciki cewa ba rabonsa ba ne. Ni biro na iya riƙewa, ƙanena a kasuwar hatsi yake. Muka ce mun bar wa yaron, kuma ya ci gaba da zama a shagon.

Inna ta sa aka kira shi bakin labule. Ta ce ta yarda, amma da sharaɗi. Masallaci, maƙabarta, famfo da gidan da ke riƙon marayu, waɗannan ya yi don Allah, ladan ya kai ga mai shagon. Duk wanda ba su ba, ya faɗi kuɗinsa ya karɓa. "Kana da mata," ta ce masa. "Ban yarda ta gaji kaskona ba." Yaron ya durƙusa ya ce, "To, Inna."

Laraba, 21 ga Mayu

Na ɗauki rediyon na tafi kasuwar shanu tare da dattijon dillalin nan. Raguna sun cika ko'ina, "albarka" da "na sallama" kawai ke tashi. Muka bi rumfunan shugabannin kasuwa da na Fulani, ana miƙa rediyon hannu zuwa hannu. Wani ya ce ta yi kama da ta wani mutumin wajen Gaidam, wani ya ce a'a, na Nijar ne. Shekara 13 ba wasa ba ce. Wani tsoho ya ce ranar kasuwa akwai baƙin da ba wanda ya san garinsu, mai jan rawani kuma ba ɗaya ba ne.

Na koma wa Liman. Ya ce an yi cigiya iyakar iko. A yi mata kuɗi a bayar sadaka da niyyar mai ita, in wani magajinsa ya ɓullo wata rana mu biya shi. Haka aka yi. Rediyon kuma na kai wa mai shayin da Baba ke zama wurinsa, ya rataye ta inda kowa zai gani, ko Allah zai sa wani ya shaida ta.

Saura agogon bango da dutsen guga biyu ba a zo nema ba, ƙanena zai ci gaba da cigiya. Gobe da asuba zan koma Kano.

Da yamma ina zaune a zaure wani Alhaji maƙwabcinmu, mai shagunan kayan masarufi a kasuwa, ya sa aka kawo janaretansa. Yaron ya wanke fulogi, ya busa kafireta, ya ja igiya, inji ya tashi. Ya ɗan yi jim, ya haɗiye yawu, ya faɗi kuɗin aiki. Alhaji ya buɗe baki. "Kai, yaro! Tun ba a haife ka ba nake kawo gyara nan, Baba bai taɓa karɓar sisina ba."

Yaron ya sunkuyar da kai, na ga alamar zai janye. Sai ga 'yar ƙanena ta fito daga cikin gida a guje, ta rusuna a gaban Alhaji, ta sauke saƙon yadda aka ba ta: "Inna ta ce a gaishe ku. Ta ce wai a gaya muku Baba yana da fansho da mai soya masa ƙuli, shi wannan ba shi da ko ɗaya."

Alhaji ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce a ce wa Inna ya ji. Ya nemi ragi, aka rage masa kaɗan, ya biya. Kafin ya tafi ya ce gobe zai aiko da firijin gidansa, amma a faɗa masa kuɗin tun kafin a taɓa.